Darar ces: me ya sa hadda ke ƙarewa tun wasa bai yi nisa ba?

A watan Afrilun 2024, lokacin da Tunde Onakoya, ɗan Ikorodu a jihar Legas, ya zauna a dandalin Times Square da ke New York ya shafe awa 60 yana buga darar ces, samari da yawa a unguwarmu suka sauke manhajar wasan a wayoyinsu. Ni ma ina cikinsu. Ban daɗe da farawa ba na faɗa tarkon da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa, wato hadda. Na ƙone data a kan bidiyoyin da ke cewa in ka riƙe buɗin wasa kaza babu mai ja da kai. Na haddace zagaye goma na wani sanannen buɗi, na riƙe shi kamar lambar wayata. Ran da na zauna da wani yaro ɗan sakandare da ko sunan buɗin bai sani ba, a takunsa na uku sai ya tura sojan gefen allo, takun da babu shi a cikin abin da na haddace. Nan take na ɗimauce. Kafin minti goma ya cinye ni, 'yan majalisa suna ta dariya.

Da farko cewa na yi ai rashin iyawarsa ne ya ruɗa ni. Daga baya da na zauna na bi lissafin abin, sai na gane cewa duk mai dogaro da hadda sai hakan ta same shi, ko yau ko gobe. Lissafin nake so mu bi tare, ko ya hutar da wani daga ɓarnar lokaci da kuɗin data.

Mu fara ƙirga

Allon ces gida 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Kowane ɓangare, Fari da Baƙi, yana da 'ya'ya 16: sojoji 8 a gaba, a bayansu dawaki 2, hasumiya 2, sarauniya, sarki, sai wasu guda 2 masu tafiya a karkace, waɗanda Turawa ke kira bishop, Larabawa kuma suke kira giwa. Ni giwa zan kira su. In mutum ɗaya ya matsar da ɗansa sau ɗaya, taku ke nan. In Fari ya taka, Baƙi ya rama, an yi zagaye ɗaya.

Fari ne ke farawa. Kowane soja a takunsa na farko zai iya tafiya gida ɗaya ko gida biyu, 8 sau 2, an samu 16. Dawaki ne kaɗai ke tsallake kan wasu, kuma kowanne yana da gida 2 da zai iya dira, an samu 4. Sauran duk a toshe suke. Jimilla 20. Baƙi ma 20 gare shi. Tun da kowane zaɓi na Fari zai iya gamuwa da kowane zaɓi na Baƙi, bayan zagaye na farko kaɗai akwai hanya 400.

Wani zai ce to taku na uku ai 400 sau 20 ne, 8,000. A'a, 8,902 ne. Dalili kuwa shi ne da zarar soja ya matsa, ƙofa ta buɗe wa waɗanda ke bayansa. Gidajen allo suna da suna, harafi daga a zuwa h a kwance, lamba daga 1 zuwa 8 a tsaye. In Fari ya tura sojan gaban sarki zuwa e4, Baƙi ya tare shi da nasa a e5, yanzu zaɓin Fari ya zama 29, domin giwa ta samu gida 5, sarauniya ta samu 4, har sarki ya samu 1. In kuwa sojan gefe ya tura gida ɗaya zuwa a3, zaɓinsa raguwa ma yake yi zuwa 19, tun da ya tare wa dokinsa gida.

An ba kwamfuta wannan ƙirgen tuntuni, ga abin da ya fito:

Taku 1: hanya 20
Taku 2: 400
Taku 3: 8,902
Taku 4: 197,281
Taku 5: 4,865,609
Taku 6: 119,060,324
Taku 7: 3,195,901,860
Taku 8: 84,998,978,956
Taku 10: 69,352,859,712,417

Waɗannan lambobi tabbatattu ne, har masu haɗa manhajar ces da su suke gwada aikinsu. In manhajarsu ta ƙirga ta samu wata lamba daban, sun san akwai kuskure a wani wuri.

Don mu ji nauyinsu, a ce kana kallon hanya ɗaya a kowane sakan, ba barci ba cin abinci. Hanyoyin zagaye na biyu, 197,281, za su ci maka kwana biyu da 'yan awoyi. Na zagaye na uku za su ci kusan shekara 4. Ƙara taku ɗaya tak, na bakwai, sai ya zama shekara 101. Na zagaye na biyar kuwa, tiriliyan 69 ɗin nan, fiye da shekara miliyan 2 ne. Da za a raba su ga mutanen duniya biliyan 8, kowa zai tashi da fiye da hanya 8,000 tasa shi kaɗai. Kuma duk wannan fa kowa sau biyar kawai ya taka.

Hanya daban, masauki ɗaya

Akwai abin da ke rage lambar, kuma adalci ne a faɗe shi. Hanyoyi da yawa wuri ɗaya suke kai mutum. Kamar motar da ta taso daga Kano za ta Legas, ko ta bi ta Jebba ko ta bi ta Lakwaja, masaukin ɗaya ne. A ces ma haka. Fari ya taka d4, Baƙi ya fito da doki zuwa f6, Fari ya taka c4, Baƙi ya taka e6. Wani wasan kuma Fari ya fara da c4, Baƙi e6, Fari d4, Baƙi ya kawo doki f6. In ka dubi allunan biyu babu bambanci ko kaɗan, duk da jerin takun ya bambanta.

Saboda haka ƙirge iri biyu ne. Akwai na hanyoyi, wanda muka yi a sama. Akwai kuma na zaman allo, wato yadda 'ya'ya ke zaune ba tare da la'akari da ta ina aka biyo ba. Bayan taku na uku, hanya 8,902 tana komawa zama 5,362. Bayan na huɗu, 197,281 tana komawa kusan 72,000. Bayan zagaye na uku, miliyan 119 tana komawa miliyan 9 da 'yan kai. Ragin ba ƙarami ba ne. Sai dai bayan zagaye na huɗu zaman allo ya kusa biliyan 1, bayan na biyar ya wuce biliyan 80. Kowane taku yana ninka lambar kusan sau goma. Don haka ko da wannan ragin, babu kan da zai ɗauka.

Ina aka adana abin da aka sani?

Tara buɗin wasa tsohon aiki ne. Tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, gwanayen shaɗaranji irin su al-Adli da as-Suli suna rubuta tsarin jera 'ya'ya a farkon wasa, suna kiransa ta'abiya. Daga shaɗaranjin nan ces ta yau ta fito. A Sifaniya, Lucena ya buga littafinsa a 1497, sannan wani limamin coci mai suna Ruy Lopez ya fitar da nasa a 1561, kuma har gobe akwai buɗin da ke ɗauke da sunansa. A 1974 wasu masana a Belgrade suka fara fitar da kundin buɗin wasa mai juzu'i biyar, suka kasa duk buɗin da aka sani kashi 500, daga A00 zuwa E99. Wannan rabon ake amfani da shi har yanzu.

Da kwamfuta ta zo sai aka koma rumbun wasanni. Kamfanin ChessBase da aka kafa a birnin Hamburg na Jamus a 1986 yana sayar da rumbu mai wasanni fiye da miliyan 10, galibi na gasa. Lichess kuma, wanda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya buɗe a 2010, kyauta ne, kuma rumbunsa ya ƙunshi biliyoyin wasannin da mutane irinmu suka buga ta intanet.

Miliyan 10 lamba ce mai kwarjini har sai ka ajiye ta kusa da waɗancan. A ce kowane wasa a rumbun ya bi hanyar da babu wanda ya taɓa bi. Da ƙyar za su cike zaman allo na zagaye na uku. A zagaye na huɗu kuwa, cikin kowane zama 100 guda ɗaya kawai za su taɓa. Alhali ba haka mutane ke wasa ba, kowa bin sawun kowa yake yi. Mafi yawan wasannin gwanaye da ɗaya daga cikin taku huɗu suke farawa: e4, d4, c4, ko doki zuwa f3. Sauran 16 ɗin ba a cika taɓa su ba. Wato abin da rumbu ya sani 'yar siririyar hanya ce da ƙafafu suka tattake a tsakiyar daji. A kanta za ka iya yin nisa. Ka kauce taku ɗaya, ka shiga ciyawa.

Lissafin da ya fi ba ni mamaki

Mu sauƙaƙa wa kanmu. A ce an zubar da duk takun banza, a kowane zama taku 3 ne kawai masu ma'ana, kuma 'yan wasa suna rarrabuwa a kansu daidai wa daida. Wannan misali ne kawai don mu ga yadda abin ke tafiya. In ka ninka 3 da kanta sau 15 za ka samu 14,348,907. Ma'ana, wasanni miliyan 10 in suna kasuwa uku a kowane taku, kafin taku na 15 kowane wasa ya rage shi kaɗai a hanyarsa. Taku na 15 kuwa tsakiyar zagaye na takwas ne. Daga nan rumbu ba shi da abin da zai gaya maka.

To a ce mun ƙara wasannin sau dubu, suka zama biliyan 10. Nawa muka ƙara nisa? In ka ninka 3 da kanta sau 21 za ka samu 10,460,353,203. Daga taku 15 mun koma 21. Ƙarin taku 6 ne kacal, zagaye 3. Ka tara wasanni ninki dubu, ladanka zagaye uku. Shi ya sa babu ranar da rumbu zai kamo wasan. Rumbu yana ƙaruwa ne ta hanyar tarawa, hanyoyi kuma ta hanyar ninkawa, mai tarawa kuwa ba ya kamo mai ninkawa.

A zahiri rabon ba daidai yake ba. Wasu layukan da gwanaye suka fi so, kamar wasu rassan Ruy Lopez da na Sisiliyan, an nazarce su har zagaye na 20 da ɗoriya. Amma sai in duka 'yan wasan biyu sun san layin kuma sun yarda su bi shi. Mutum ɗaya ya isa ya fitar da wasa daga littafi. A matakinmu na masu koyo, inda abokin wasa bai ma san akwai littafin ba, a zagaye na huɗu ko na biyar ake fita, wani lokacin tun kafin nan.

Kana iya gwadawa da kanka. Buɗe allon nazari a Lichess, ka danna alamar littafi, ka shigar da takun wani wasa da ka buga jiya. Za ka ga yawan wasannin da suka taɓa kaiwa wannan zama yana zubewa, daga miliyoyi zuwa dubbai, zuwa ɗaruruwa, zuwa goma, sai ya ce babu. Wani lokacin bayan ya ce babu, ka ƙara taku ɗaya sai wasanni su sake bayyana. Wannan shi ne zancen hanya daban masauki ɗaya, ka fita ta wata ƙofa ka dawo ta wata. Amma ba ya daɗewa. Ka ƙara biyu ko uku, kai da abokin wasanka kuna zaune a kan allon da babu shi a rubuce a ko'ina.

Su manyan fa?

Kar a ce na ce hadda ba ta da amfani. A matakin ƙoli tana iya yanke hukunci. A ranar 11 ga Mayun 1997 a New York, Garry Kasparov, zakaran duniya a lokacin, ya buga wasa na shida kuma na ƙarshe da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM. Shi ne Baƙi, ya zaɓi buɗin Caro-Kann. A zagaye na bakwai ya tura soja zuwa h6, takun da masana suka riga suka san yana da haɗari. Deep Blue ta sadaukar da doki a e6, abin da ke cikin littafin buɗin da aka loda mata. A zagaye na 19 Kasparov ya miƙa wuya, kwamfuta ta ci karawar da maki 3½ da 2½.

Amma dubi ɗaya gefen. A 1918, a New York ɗin dai, Frank Marshall ɗan Amurka ya jefa wa Jose Raul Capablanca ɗan Kuba wani shiri da ya tanada a cikin Ruy Lopez. Ya ba da soja kyauta don ya samu damar afka wa sarki. Capablanca bai zo da amsa a aljihu ba, a kan allo ya riƙa nemo ta taku bayan taku, ya tare harin, ya ci wasan. Har yau ana kiran wannan shiri da sunan Marshall, kuma har yau manya na buga shi, amma ranar da ya fito da shi wanda ya iya tunani ne ya yi nasara.

Bobby Fischer, zakaran duniya daga 1972 zuwa 1975, haddar buɗi ta ishe shi har ya kawo mafita. A 1996 a birnin Buenos Aires na Ajantina ya gabatar da wani salo da ake hargitsa jerin 'ya'yan baya kafin a fara. Jeri 960 ne ke yiwuwa, don haka babu wanda zai zo da hadda daga gida. Ana gasarsa har yanzu.

Girman dajin

In farkon wasa haka yake, gaba ɗayansa fa? A 1950 wani masanin lissafi Ba'amurke, Claude Shannon, ya yi kiyasi. Ya ɗauka a kowane zama akwai zaɓi kusan 30, wato zagaye ɗaya kusan hanya 1,000 ne, kuma wasa yakan kai zagaye 40. Abin da ya samu shi ne lamba 1 da sifili 120 a gabanta. Masana kimiyya suna kiyasin ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa a kan 1 da sifili 80. Zaman allo kuma, wanda ya fi hanyoyi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, binciken John Tromp na 2021 ya kiyasta shi a kan kusan 5 da sifili 44.

Ƙarshen wasa ne kaɗai aka gama da shi, shi ma wani yanki. Tun 2012 kwamfuta ta warware kusan duk zaman da 'ya'ya 7 ko ƙasa da haka suka rage a kan allo, an san wa zai ci ko canjaras za a yi in kowa ya buga daidai. Amma da 'ya'ya 32 ake farawa. Ka ga ke nan an san 'yar hanya a farko, an san wani yanki a ƙarshe, tsakiya kuwa kowa da ƙwaƙwalwarsa yake shiga.

To me mai koyo zai yi?

Abin da na koya bayan kunyar da na sha shi ne, maimakon ka haddace taku, ka nemi dalilinsa. Dalilan buɗin wasa ba su da yawa. Ka kama tsakiyar allo da sojoji, domin ɗan da ke tsakiya ya fi na gefe yawan gidajen zuwa. Doki a tsakiya gida 8 yake iya dira, a kusurwa 2 kacal. Ka fito da dawaki da giwaye da wuri, kar ka riƙa juya ɗa ɗaya sauran na barci. Ka ɓoye sarki ta wannan takun na musamman da yake yi tare da hasumiya. Kar ka fito da sarauniya da wuri, korarta za a yi ta yi kana asarar taku. Sannan duk lokacin da abokin wasa ya taka, ka tambayi kanka, me yake nema, me kuma ya bari a buɗe?

'Yan tarkuna kaɗan ne suka cancanci a riƙe su da ka. Cikin hanya 197,281 na zagaye na biyu, guda 8 suna ƙarewa ne da an riga an kashe sarkin Fari, duk saboda ya ture sojojin f da g ya bar sarauniyar Baƙi ta sauka a h4. Sai wanda aka fi yi wa sababbi, inda Fari ke haɗa sarauniya a h5 da giwa a c4 su auka wa gidan f7, wanda sarki kaɗai ke gadinsa. In ka riga ka kare sojanka na e5 da doki, tura soja zuwa g6 ya isa ya toshe wa sarauniyar hanya. Irin waɗannan ba su fi ka koye su a zama ɗaya ba.

Ragowar lokacinka ka ba wa abin da zai bi ka ko'ina: gane inda ɗa ke tsaye babu mai gadinsa, gane takun da ke kai hari wuri biyu lokaci guda, da iya kashe sarki in ka rage da sarauniya ko hasumiya. Masu koyar da yara, ko a makaranta ko a gida, su ma su kula da wannan. Yaron da aka cusa wa zagaye goma ba tare da dalili ba, ranar da aka kauce masa zai ɗauka shi ne daƙiƙi, ya ajiye wasan, alhali hanyar koyarwar ce ta gaza.

Na koma na duba wasan da yaron nan ya cinye ni. Sojan gefen da ya tura bai yi barazanar komai ba, kyautar taku ɗaya ma ya ba ni. Da na fito da ɗaya dokin nawa na ɓoye sarki, da ni ke gaba. Amma na tsaya ina laluben shafin da babu shi, na manta da allon da ke gabana. Mun sake zama da shi sau da yawa bayan nan, wata rana ya ci, wata rana na ci. Har yanzu bai san sunan buɗi ko ɗaya ba.